Kunne Ya Ji, Jiki Bai Tsira Ba: Fashin Baƙi Kan Darasin Kiwon Lafiya A Makarantun Sakkwato

Hausawa na cewa in kunne ya ji, jiki ya tsira, kuma a kan wannan fahimta aka gina kusan duk abin da ake koya wa ɗalibanmu game da lafiyarsu. Ana ɗauka cewa da zarar an faɗa wa yaro abu kaza yana cutarwa, to an sauke nauyi, saura ya rage nasa. Karin maganar gaskiya ce a muhallinta, amma duk wanda ya daɗe yana shiga azuzuwan firamare da sakandare a jihar Sakkwato ya san cewa kunnuwan yaranmu sun sha jin darasin tsafta da na illar ƙwaya, wasu ma sun haddace shi har sun ci jarrabawa da shi, alhali jikin nasu bai tsira daga komai ba. Tazarar da ke tsakanin abin da kunne ya ji da abin da ya sami jiki ita ce ta cancanci a tsaya a duba.

Wata rana cikin watan Maris na shiga wata makarantar firamare a cikin gari, na tarar malama ta rubuta lokutan wanke hannu a allo da Turanci, yara suna maimaitawa da murya ɗaya kamar masu biya karatun allo. Can daga baya wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, to in babu ruwa, da mi za mu wanke?" Malamar ta ɗan yi shiru, sannan ta ce masa ya bari sai ya koma gida. Ba da jimawa ba aka kaɗa ƙararrawar fita tara, yaran suka yi dafifi a bakin ƙofa inda masu talla ke jiransu da awara da ɗanwake da zoɓo a cikin tsofaffin robobi, kowa ya sa hannu ya ci, sannan suka bi layi a gaban randa ɗaya mai moɗa ɗaya. Makewayin makarantar kuwa a garƙame yake da kwaɗo, domin ya cika tun bara ba a kwashe ba, saboda haka duk wanda ya matsu sai ya zagaya bayan katanga. Ban ga laifin malamar ba ko kaɗan, domin ta koyar da abin da manhaja ta ce ta koyar. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, yaran sun sami darasi biyu a safiyar nan, na allo da na tsakar makaranta, kuma na biyun ya fi kama zuciyarsu.

Ba a rasa tsari a takarda ba. Tun shekarar 2006 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da manufar ƙasa kan kiwon lafiya a makarantu, wadda ta tanadi a sami muhalli mai tsafta, da duba lafiyar ɗalibai, da ciyarwa, da koyarwar da ke gina ƙwarewa ta aikatawa, da kuma alaƙa tsakanin makaranta da gida da al'umma. Darasin aji kashi ɗaya ne kawai daga cikin waɗannan, amma da yake shi ne mafi araha, shi kaɗai ya rayu. A nan ne kalmar "zaɓi" da ake yawan amfani da ita take buƙatar a warware ta. Idan aka ce a koya wa yaro yin zaɓi mai kyau, ya kamata a fara tambayar zaɓin da ke hannunsa. Akwai abin da yaro ke yanke wa kansa, kamar shiga gulbi wanka, ko karɓar ƙwayar da aboki ya miƙa masa, ko faɗa wa babba cewa kansa na ciwo. Akwai abin da ke hannun iyaye, kamar allurar rigakafi da zuwa asibiti da lokacin aure. Akwai kuma wanda yake na hukuma, wato ruwa da makewayi da yawan ɗalibai a ɗakin kwana. Darasin da ya cakuɗa waɗannan, ya ɗora wa yaro ɗan shekara goma alhakin abin da ba shi da iko a kansa, ƙarshensa yaron ya koyi cewa maganar lafiya abu ne da ake faɗa a aji a bar shi a aji.

Matsala ta biyu ita ce ta lokaci. Cututtukan Sakkwato suna da kalandarsu, kuma kowace uwa ta san ta, amma jadawalin darasi bai san da zamanta ba. Daga lokacin da iskar hunturu ta fara kaɗawa har zuwa tsakiyar bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, zamanin sanƙarau ne. Busasshiyar iska da ƙura suna raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, ƙwayar cutar kuma tana bin numfashi da tari da atishawa daga mutum zuwa mutum, musamman inda ake kwana a cunkushe tagogi a rufe. Jiharmu tana cikin yankin da cutar ta fi addaba a Afirka, wanda ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha. A 1996 annobar ta hallaka sama da mutum dubu goma a Najeriya. A 2017 ta sake dawowa da wani nau'i da ake kira C, wanda allurar da aka yi wa jama'a a baya ba ta kare shi, ta faro daga Zamfara ta shigo Sakkwato da Katsina da Kebbi da Neja, ta ci rayuka fiye da dubu ɗaya, kuma yara ƴan shekara 5 zuwa 14 ne suka fi kamuwa, wato daidai waɗanda ke zaune a azuzuwanmu.

Abin da ɗalibi ke buƙata game da sanƙarau bai wuce a rubuta shi a tafin hannu ba, amma dole ne ya ji shi a watan Nuwamba ko Disamba, kafin cutar ta iso, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Zazzaɓi mai zafi da ya zo farat ɗaya, da ciwon kai mai tsanani, da sandarewar wuya, da amai, da ƙin kallon haske, alamu ne da ba a jira wayewar gari da su, saboda cutar na iya kisa cikin kwana ɗaya, wanda ya tsira kuma idan an makara yana iya rasa jinsa har abada. A makarantar kwana, wanda zai fara ganin waɗannan alamu ba malami ba ne, ɗalibin da ke kwance a gadon kusa ne, da tsakar dare. Idan yaron nan ya san abin da ya gani, kuma an riga an faɗa masa cewa buga ƙofar malamin ɗakin kwana da ƙarfe biyu na dare ba rashin ladabi ba ne, to darasin ya yi aikinsa. Idan kuwa yana tsoron a yi masa faɗa, sai ya lulluɓe abokinsa da bargo ya jira asuba. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare nau'i biyar na sanƙarau a lokaci ɗaya, kuma ya dace ɗalibi ya san haka, domin shi ne zai iya bayyana wa mahaifinsa dalilin da ya sa aka sake zuwa da allura alhali an taɓa yi.

Da saukar damina sai kalanda ta juya. Ruwan sama yana wanke kashin da aka yi a fili ya zuba shi cikin rijiyoyi da tafkuna, amai da gudawa su biyo baya, kamar yadda aka gani a 2021 lokacin da kwalara ta kashe sama da mutum dubu uku a faɗin ƙasa, Sakkwato na cikin jihohin da abin ya taɓa sosai. Abin da ke kashe mai kwalara shi ne ƙarewar ruwan jiki, kuma kowane ɗan aji huɗu zai iya koyon haɗa ruwan ceton rai: lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a yi ta ba mara lafiya yana kurɓa ana kan hanyar asibiti. Wannan darasi bai kamata a yi shi da alli ba, kwano da cokali da gishiri yake so, kowane yaro ya haɗa da hannunsa ya ɗanɗana, domin harshensa ya san cewa ruwan bai kamata ya fi hawaye gishiri ba.

Zazzaɓin cizon sauro kuwa kowa yana ganin ya san shi, kuma wannan sabo shi ne haɗarinsa. Najeriya ce ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya, a wajenmu kuma ya fi tsanani daga Agusta zuwa Oktoba. Maganar kwana cikin gidan sauro an sha yin ta, ba sai na tsaya a kanta ba. Inda ɗalibin sakandare ke yanke hukunci da kansa shi ne a gaban kantin kemis. Na sha ganin yaro da kayan makaranta a jikinsa ya miƙa kuɗi ya ce a haɗa masa na zazzaɓi, mai kanti ya ɓalli wannan ya ɓalli wancan, ya ƙulla masa ƙwayoyi masu launi daban-daban a leda, babu gwaji babu suna. Yaron ya sha na kwana ɗaya, ya ji sauƙi, ya ajiye sauran don wani karon. Ba wanda ya taɓa bayyana masa cewa ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba, cewa gwajin ɗigon jini ba ya wuce minti ashirin, cewa maganin da aka amince da shi na kwana uku ne cur kuma yanke shi a tsakiya yana barin ƙwayar cutar da rai a jini. Darasi ɗaya a kan yadda ake karanta kwalin magani, a duba ranar lalacewa da lambar hukumar NAFDAC, ya fi amfani ga wannan yaro da haddace sunan sauron da Latin.

Akwai wata cuta da nake ganin ta fi kowace nuna yadda ya kamata a gina darasi, ita ce tsargiya. Duk garin da ke bakin Gulbin Rima ko Gulbin Sakkwato, ko kusa da madatsar ruwa ta Goronyo da fadamun noman rani na Wurno da Kwalkwalawa, ya san yaro mai fitsarin jini. A wasu wurare abin ya zama ruwan dare har ana ɗaukarsa alamar balaga ga ɗa namiji, wasu kuma su danganta shi da zafin rana ko yawan cin yaji. Asalin lamarin shi ne, mai cutar yana fitar da ƙwan tsutsa a fitsarinsa, idan ya yi fitsari a ruwa ƙwan ya ƙyanƙyashe ya shiga jikin wata ƙaramar katantanwa, ya girma a ciki, sannan ya fito ya huda fatar duk wanda ya shiga ruwan wanka ko wanki ko kamun kifi, ba sai ya sha ruwan ba. Tsutsar tana zama a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara shekara da shekaru, tana rage wa yaro jini da kuzarin karatu, daga baya kuma tana iya lalata mafitsara da ƙoda. Maganinta ƙwaya ce da ake rabawa kyauta a makarantu, ana auna tsawon yaro da sanda a san adadin da zai sha, kuma ana so ya ci abinci kafin ya sha, domin shan ta da yunwa yana kawo jiri da tashin zuciya. Idan ba a yi wannan bayani tun da farko ba, yaro ɗaya ya yi amai ya isa jita-jita ta zagaye gari, gobe iyaye su hana ƴaƴansu zuwa makaranta.

Malamin da zai ce wa yaron Goronyo kada ya shiga ruwa a watan Afrilu ya san ba za a ji maganarsa ba. Amma zai iya kai ɗalibansa bakin fadama ya nuna musu katantanwar da idonsu, tun da gani ya kori ji, sannan ya ɗora su kan abin da ke hannunsu, wato kada su yi fitsari a ruwa, su faɗa idan sun ga jini, su sha ƙwayar idan an kawo. Zai kuma iya tuna musu hadisin da ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudu, wanda da yawansu sun riga sun ji a Islamiyya. Ina ganin babban kuskure ne yadda aka raba darasin lafiya na boko da karatun tsarki na makarantar allo kamar ba jiki ɗaya suke magana a kai ba. Yaron da ke alwala sau biyar a rana, wanda aka koya masa asuwaki da yanke farce da hanin yin bayan gida a kan hanya ko a inuwar da mutane ke zama, yana da tushen da za a yi gini a kai. Mu a Sakkwato ma ba mu da hujjar ganin ilimin magani baƙo ne, domin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya yi rubuce-rubuce a kan magunguna da cututtuka. Haka batun harshe yake. Ɗalibi na iya rubuta sunan cuta da Turanci daidai a jarrabawa, ya koma gida bai san cewa ita ce tsargiya ko mashaƙo ko baƙon dauro da ake ambata a tsakar gidansu ba. Ko da jarrabawar da Turanci za a yi, bayanin lafiya ya kamata ya bi ta Hausa, da sunayen da uwar yaron za ta gane idan ya maimaita mata.

Wannan ya kai mu ga wani abu da ba a cika lura da shi ba, shi ne cewa ɗalibinmu, musamman ɗiya mace, mai reno ce tun kafin ta gama firamare. Ita ke goya ƙanenta, ita ke ba shi kunu, ita ke ganin cikin bakinsa idan yana kuka. A cikin garin Sakkwato akwai asibitin yara masu cutar noma, wato ciwon da ke cin baki da fuska, da aka buɗe a 1999, wanda ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafa wa tun 2014, kuma a ƙarshen 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cutar a jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bayan fafutukar da Najeriya ta jagoranta. Noma ta fi kama yara ƴan shekara 2 zuwa 6 da yunwa ta raunana, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓi. Tana farawa da kumburin dasashi da jini da warin baki, cikin ƴan kwanaki ta cinye kunci da leɓe, mafi yawan waɗanda ba su sami magani ba kuma mutuwa suke yi. A matakin farko kuwa, maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsaftar baki da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ita. Yarinya ƴar aji biyar da aka nuna mata yadda lafiyayyen dasashi yake, aka ce mata idan ta ga saɓanin haka ta faɗa wa uwarta a tafi asibiti a ranar, tana iya ceton fuskar ƙanenta. Ban san wani darasi na minti arba'in da ya fi wannan riba ba.

Batun ƙwaya shi ne wanda iyaye suka fi tsoro, kuma shi ne aka fi koyarwa ta hanyar da ba ta aiki. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 ƴan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara ɗaya, kuma ɗaya cikin huɗu daga cikinsu mace ce. A watan Mayun shekarar ne gwamnatin tarayya ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin, amma haramcin bai kashe buƙata ba, sai masu sha suka karkata ga taramol da ƙwayoyin barci da shaƙar sholisho, ga kuma shisha da matasa ke ɗauka ƙamshi ne kawai, suna zaton ruwan tulun yana tace hayaƙin, alhali ba ya tacewa. Abin da aka saba yi a makaranta shi ne a gayyaci jami'an hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA sau ɗaya a shekara, a tara ɗalibai a fili, a nuna musu hotunan mahaukata, a ce duk wanda ya sha ga makomarsa. Jami'an suna iya ƙoƙarinsu, kuma zuwansu ya fi rashinsa. Sai dai yaron da ke sauraro ya san ɗan kabu-kabun unguwarsu da ke shan taramol kullum kuma yana aikinsa, saboda haka a ransa sai ya yanke cewa manya ƙari suke yi, daga nan ya daina yarda da sauran bayanin, har da na gaskiya.

Gara a faɗa masa gaskiyar yadda take. Ƙwayar tana ɗauke gajiya da farko, shi ya sa ake shan ta, amma jiki yana sabawa, abin da ɗaya ta yi jiya sai biyu gobe, ranar da ba a samu ba jiki ya ɗauki ciwo da rawa da rashin barci, kuma yawanta yana kawo farfaɗiya ko ɗaukewar numfashi. Ya kamata kuma a yarda cewa ƙwayar farko ba a hannun baƙo mai mugun kama take zuwa ba. Aboki ne ke bayarwa, daren jarrabawa don a raba dare ana karatu, ko a gona lokacin shuka da girbi don a jure aiki, ko a gidan biki inda ƴanmata suka zuba ta a lemo. Abin da yaro ya rasa a wannan lokaci ba labarin illa ba ne, kalmar da zai ce a'a da ita ba tare da ya rasa aboki ko an kira shi matsoraci ba. Wannan ƙwarewa ce da ake koya ta maimaitawa, kamar yadda ake koyon lissafi: ɗalibi ɗaya ya fito a matsayin mai tayi, ɗaya a matsayin mai ƙi, aji ya saurara ya gyara musu. Sannan makaranta ta san abin da za ta yi da wanda ya riga ya fara, domin kora kaɗai tana miƙa shi ne kai tsaye ga masu sayarwa, alhali muna da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, inda ake kula da irin wannan lalura. Ɗalibin da ya san cewa faɗin gaskiya zai jawo masa bulala a gaban taro ba zai taɓa faɗa ba.

Maganar balaga ce ta fi kowace sarƙaƙiya, kuma ba na ganin daidai ne a raina damuwar iyaye a kanta. Tun da aka shigo da manhajar rayuwar iyali da cuta mai karya garkuwar jiki a 2003 ake ta ja-in-ja, har a 2022 ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya ba da umarnin a cire ilimin jima'i daga manhaja. Iyaye suna da haƙƙin sanin abin da ake faɗa wa ƴaƴansu, da wanda ke faɗa, da irin lafazin da ake amfani da shi. Amma shiru ma yana da farashi, domin yarinyar da jinin haila ya zo mata a aji ba tare da an taɓa yi mata bayani ba tana ɗauka ciwo ne ko abin kunya, wadda ba ta da inda za ta gyara jikinta a makaranta kuma tana zama gida kwanaki a kowane wata, yaron da ba a amsa masa tambayarsa ba shi kuma wayar hannu ce za ta amsa masa. Malamanmu na zaure ba su taɓa jin nauyin karantar da babin haila da janaba da wanka a Ahalari da Ishmawi da Risala ba, cikin ladabi da lafazi mai tsafta. Da irin wannan lafazi, malama mace da ƴanmata, malami namiji da samari, bayan an zauna da iyaye da limamai an nuna musu abin da za a koyar, mafi yawan tsoron zai kau.

Lokacin koyarwar ma abin dubawa ne. Da yawan ƴanmatanmu, musamman a karkara, ba sa kaiwa ajin ƙarshe na sakandare kafin a yi musu aure, saboda haka duk bayanin da aka ajiye sai babban aji bai iso gare su ba. Misali mafi sauƙi shi ne amosanin jini. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da jinin AS ba tare da wani ciwo ba, kuma idan masu AS biyu suka yi aure, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai SS, wato mai ciwon. Kalmar "kowane ciki" ita ce ake yawan kuskure, domin mutane suna ɗauka cewa idan an haifi ɗaya mai ciwon to ukun da ke biye sun tsira, alhali kowace haihuwa lissafinta daban. Wanda ya san rukunin jininsa tun yana ƙaramar sakandare yana da sararin yin tunani, wanda sai an sa rana aka yi masa gwaji kuwa an riga an ɗaure shi da kunyar dangi. Haka allurar HPV da ke kare sankarar bakin mahaifa, wadda aka fara yi wa ƴanmata ƴan shekara 9 zuwa 14 a Najeriya daga 2023: yarinyar da aka yi mata bayani a aji ita ce za ta fuskanci tambayar kakarta a gida, ya kamata a ba ta amsar da za ta bayar.

Kai ilimi daga wurin karatu zuwa cikin gidaje ba sabon abu ba ne a wannan ƙasa. Nana Asma'u ɗiyar Shehu ta kafa tsarin Ƴan Taru, inda take karantar da jajoji, wato matan da ke jagorantar karatun, ta naɗa musu malfa, su koma ƙauyuka su karantar da matan da ba za su iya zuwa ba, kuma da waƙa a harshen da suke ji ake isar da karatun. Yaƙi da shan inna ma bai yi nasara ba sai da aka bi ta hannun sarakuna da hakimai da masu unguwanni ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, har aka tabbatar a 2020 cewa an kawar da asalin ƙwayar cutar daga Najeriya. Abin da waɗannan biyun suka nuna shi ne, saƙon lafiya yana karɓuwa ne idan ya fito daga bakin wanda aka yarda da shi. Ya kuma kamata a tuna cewa dubban yara a ƙananan hukumomi 23 na jihar nan ba sa zuwa boko, suna tsangaya ko suna talla, kuma almajiran da ke kwana jere a zaure ɗaya sun fi kowa kusa da sanƙarau da ƙazuwa. Duk shirin da bai zauna da alarammomi ba ya bar waɗanda suka fi buƙata a waje.

Saura tambayar wanda zai koyar. A makarantu da yawa darasin motsa jiki da lafiya ana ba da shi ne ga malamin da jadawalinsa ya fi sauƙi, kuma shi ake fara sadaukarwa idan jarrabawa ta matso. Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, wadda ke yaye da yawan malaman firamaren jihar, ita ce wurin da ya dace a fara gyaran, ta yadda kowane ɗalibin malanta, ko lissafi zai koyar ko Larabci, zai fita ya iya gane alamun sanƙarau, ya iya haɗa ruwan gishiri da sukari, ya san yadda ake sauraron yaron da ya zo da sirri. Kowace makaranta kuma a haɗa ta da asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, ma'aikaciyar lafiya ta riƙa shigowa ko sau ɗaya a zango a lokacin da ya dace da kalandar cututtuka, yara su san fuskarta kafin ranar da za su buƙace ta. Hanyar auna darasin ma sai ta sauya, domin abin da ake aunawa shi ake koyarwa: a ajiye wa ɗalibi kwalin magani ya nuna ranar lalacewarsa, a ba shi cokali ya auna gishiri, a ba shi maki a kan haka. Jami'in duba makarantu kuwa idan ya iso, kafin ya nemi littafin shirin darasi ya fara zagayawa makewayi ya ga ko a buɗe yake, ya duba ko akwai ruwa da sabulu ko toka a bakinsa, ya rubuta abin da ya gani a rahoton da zai kai wa hukumar ilimin bai-ɗaya, da sunan wanda alhakin gyaran ke kansa da ranar da zai dawo ya sake dubawa.